Masu Taskace Kiɗan Grateful Dead

Tun daga 1965, lokacin da aka kafa ƙungiyar makaɗan rok ta Grateful Dead a Kalifoniya ta Amurka, har zuwa rasuwar jagoranta Jerry Garcia a 1995, da wuya a sami dare biyu da suka yi kiɗa iri ɗaya, kuma wannan ne musabbabin duƙufar masoyansu ga naɗar wasanninsu a kaset. Maimakon hani, sai makaɗan suka keɓe musu wuri a 1984, bisa sharaɗin musanyar kaset ban da ciniki, hukuncin da lalle ya cancanci yabo. Har yau ana muhawara kan wasan Jami'ar Cornell na 8 ga Mayu 1977, wanda masoya da yawa suke fifitawa, alhali waɗansu na ganin kyawun naɗinsa ne ya ɗaukaka shi.