Rarar Haraji a Amurka: Abin da Ke Riƙe Ta da Yadda Ake Gyaran Fom

Mafi yawan ma'aikata a Amurka suna biyan harajin kuɗin shiga tun kafin albashi ya iso hannunsu. Tun 1943 doka ta ɗora wa mai ba da aiki ya cire kason gwamnatin tarayya daga kowane albashi ya aika baitulmali. Bisa kirdado ake wannan cirewa, domin sai shekara ta ƙare ake sanin ainihin abin da mutum ya samu, da yawan iyalin da ke wuyansa, da rangwamen da ya cancanta. Shi ya sa daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu ake cike fom mai lamba 1040 a miƙa wa hukumar tara haraji ta ƙasar, wato IRS. Idan lissafi ya nuna abin da aka cire ya gaza, mutum ya cika. Idan ya zarce, hukuma ta mayar masa da rarar. Ma'aikacin Nijeriya da ya saba a yanke masa haraji a albashi magana ta ƙare a nan zai ga abin banbarakwai, amma a can kusan kashi biyu cikin uku na masu cike fom suna bin gwamnati bashi duk shekara. Jimillar abin da ake mayarwa ta haura dala biliyan 300, matsakaicin abin da mutum ke karɓa kuwa wajen dala 3,000 ne.

Kuɗin ba kyauta ba ne, gumin mai shi ne da ya kwana a hannun gwamnati. Ga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, shi ne dunƙulallen kuɗi mafi yawa da suke gani a shekara, kuma tun kafin ya zo an riga an raba shi: bashin haya, gyaran mota, kuɗin asibiti. Jinkirin wata biyu ga irin wannan gida yana iya zama takardar tashi daga mai gida.

Hukumar na cewa yawancin waɗanda suka aika fom ta intanet, suka kuma ba da lambar asusun banki, suna samun kuɗinsu cikin kwana 21. Wanda ya aika takarda ta gidan waya sai ya sa ran mako shida ko fiye. Bambancin yana da sauƙin ganewa. Fom ɗin intanet kwamfuta ce ke karanta shi, ta gwada shi da bayanan albashi da masu ba da aiki suka turo, ta wuce da shi. Na takarda kuwa shekara da shekaru akawu ne ke buga lambobinsa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Kusan duk wani jinkiri mai tsawo daga nan yake farawa: da zarar fom ya faɗo daga layin kwamfuta ya koma jiran idon ɗan Adam, an daina ƙirga kwanaki an koma ƙirga watanni.

Akwai jinkirin da doka ce ta yanka shi. Wata doka ta 2015 da ake kira PATH ta hana hukumar sakin kuɗin duk wanda ya nemi rangwamen ma'aikata masu ƙaramin albashi, ko ƙarin rangwamen 'ya'ya, kafin 15 ga Fabrairu. Ba kason rangwamen kaɗai ake riƙewa ba, har da sauran rarar gaba ɗaya. Manufar ita ce a ba hukumar lokaci ta ga takardun albashi na W-2, waɗanda wa'adin turo su 31 ga Janairu ne, kafin 'yan damfara su kwashe kuɗi da fom ɗin bogi. Dalili ne mai ƙarfi, sai dai waɗanda suka fi kowa matsuwa su ne dokar ta sa a gaba wajen jira.

Wani dalilin jinkiri kuma shi ne shakkar ko mai fom ɗin ne ya aiko shi. Idan kwamfuta ta ga abin da bai kwanta mata ba, sai a tsayar da komai a aika wasiƙa, galibi mai lamba 5071C ko 4883C, a ce mutum ya tabbatar da kansa ta intanet, ko ta waya, ko ya je ofis da katin shaida. Muddin bai amsa ba, fom ɗin yana nan ajiye. Da yawa ba sa amsawa saboda sun sauya gida wasiƙar ba ta same su ba, wasu kuma suna ɗaukarta a matsayin tarkon 'yan damfara su jefar. Wanda aka riga aka saci lambar shaidarsa aka karɓi kuɗi da sunansa shi ne ya fi shan wuya: a 2024 matsakaicin lokacin warware irin wannan matsala ya kusa shekara biyu. Rigakafin da hukumar ta tanada shi ne lambar sirri mai alƙaluma shida da ake sabuntawa duk shekara, wadda idan babu ita ba za a karɓi fom ta intanet da sunan mutum ba.

Wani lokaci kuma kuɗin ba makalewa ya yi ba, kama shi aka yi. Baitulmali na da ikon cire bashin da ake bin mutum kafin a tura masa saura: tsohon haraji na tarayya ko na jiha, kuɗin ciyar da 'ya'ya da kotu ta yanke bai biya ba, ko bashin wata hukumar tarayya. Idan miji da mata suka haɗa fom ɗaya aka kama kuɗin saboda bashin ɗayansu, wanda ba shi da hannu zai iya neman kasonsa da fom 8379.

An ga iyakar wannan tsari a zamanin korona. An rufe cibiyoyin karɓar fom a 2020, wasiƙu suka taru cikin tireloli, majalisa kuma ta ɗora wa hukumar rabon kuɗin tallafi har zagaye uku. Lokacin da kakar haraji ta 2021 ta ƙare, fom fiye da miliyan 35 ne ke jiran a duba su da hannu. A shekarar kuɗi ta 2021 an buga wa hukumar waya kimanin sau miliyan 282, ma'aikata suka ɗauki wajen kashi 11 cikin ɗari. Babban rumbun bayanan masu biyan haraji kuwa tun shekarun 1960 aka gina shi. A 2022 majalisa ta ware wa hukumar kusan dala biliyan 80 na shekara goma don ɗaukar ma'aikata da sabunta na'urori, daga baya aka zabtare wani kaso mai tsoka.

Batun gyaran kuskure ya danganta da irin kuskuren, kuma a nan mutane ke jawo wa kansu ƙarin jira. Idan kwamfuta ta ƙi karɓar fom tun farko, misali saboda lambar shaidar yaro ba ta dace da sunansa ba, gyara kawai ake yi a sake turawa, domin ba a ɗauke shi a matsayin wanda aka miƙa ba. Idan kuskuren lissafi ne, tarawa ko ɗebewa, hukumar da kanta take gyarawa ta aiko da sanarwa, CP11 idan an ƙara wa mutum bashi, CP12 idan rararsa ta sauya. Babu buƙatar sabon fom. Amma wannan sanarwa tana ɗauke da wa'adin da mutane da yawa ba sa lura da shi: kwana 60 ne kacal na cewa ba a yarda ba. Wanda ya yi magana a cikinsu, dole a soke gyaran a bi hanyar bincike ta yau da kullum. Wanda ya yi shiru ya rasa damar zuwa kotun haraji kafin biya.

Idan kuwa abin da mutum ya rubuta bai yi daidai da abin da banki ko wurin aiki ya turo ba, sanarwar CP2000 ce ke zuwa, sau da yawa bayan shekara ɗaya ko fiye. Ba hukunci ba ce, shawara ce ta abin da hukumar ke ganin ya kamata a biya, kuma ana ba da kwana 30 na amsa. Ta kan yi kuskure, musamman kan sayar da hannun jari, inda takan ga kuɗin da aka sayar ba ta ga kuɗin da aka saya ba. Idan ba a daidaita ba, sai takardar ƙarshe ta biyo baya mai wa'adin kwana 90 na shigar da ƙara a kotun haraji, ko 150 ga wanda ke ƙasar waje. Kuɗin shigar da ƙarar dala 60 ne, kuma rigimar da ba ta wuce dala 50,000 ba tana da hanya mai sauƙi wadda mutum zai iya bi ba tare da lauya ba.

Fom ɗin gyara na ainihi shi ne 1040-X. Ana amfani da shi idan an manta wani kuɗin shiga, ko an zaɓi matsayin aure da bai dace ba, ko an bar yaro ko rangwamen da aka cancanta. Tsarinsa layi uku ne a jere: abin da aka rubuta da farko, bambancin, sai adadi na gaskiya, tare da gurbin bayanin dalili. Sai a 2020 aka fara karɓarsa ta intanet, amma ko ta intanet ya shiga, ma'aikaci ne ke duba shi. Hukumar na cewa mako 8 zuwa 12, wani lokaci 16, kuma a shekarun cunkoso ya zarce haka nesa ba kusa ba. Masu aikin haraji na ba da shawarar a bari fom na farko ya gama tafiya, kuɗinsa ya shigo, kafin a tura gyara, don kada biyun su haɗu su cakuɗe. Sake aika fom iri ɗaya saboda an gaji da jira kuwa ba ya ƙara komai sai tsawon layi.

Wa'adin neman rara ta hanyar gyara shekara uku ne daga ranar miƙa fom, ko shekara biyu daga ranar biyan harajin, duk wanda ya fi nisa. Idan ya wuce, kuɗin ya zama na baitulmali. Kusan kowace shekara hukumar kan sanar cewa akwai dala biliyan ɗaya ko fiye ta mutanen da ba su cike fom ba shekara uku baya, wadda za ta salwanta idan Afrilu ya wuce. Idan gyaran ya nuna mutum ne ake bi, gara ya biya nan take, domin kuɗin ruwa na hawa tun daga ranar wa'adin farko, ga tarar rabin kashi ɗaya cikin ɗari duk wata.

A nan ne rashin daidaiton tsarin ya fito fili. Mai biyan haraji yana da kwana 30, da 60, da 90, da shekara uku, kuma kowanne idan ya kuɓuce da wuya ya dawo. Hukumar kuwa doka ba ta yanka mata ranar da dole ta mayar da kuɗi ba. Kwana 21 alƙawari ne na aiki, ba haƙƙi ba ne da za a kai kotu. Abin da dokar ta tanada shi ne kuɗin ruwa: idan kwana 45 suka wuce daga wa'adin miƙa fom, ko daga ranar da aka miƙa idan an makara, hukumar za ta biya ruwa a kan rarar. Ana sabunta adadin duk wata uku, ya kai kashi 8 cikin ɗari a 2024, ya sauko 7 a 2025. Shi kansa ruwan, sai an biya masa haraji a shekara mai zuwa. Idan wata shida suka wuce hukumar ba ta ce uffan kan buƙatar mayar da kuɗi ba, mutum na iya kai ƙara kotun tarayya, amma wanda ke bin dala dubu uku ba ya ɗaukar lauya a kansu.

Abin da ya rage ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne ofishin mai kare masu biyan haraji, wanda aka kafa a 1996, dokar 1998 ta ƙara masa 'yanci. Yana cikin hukumar amma yana kai rahoto kai tsaye ga majalisa sau biyu a shekara, kuma yana da reshe a kowace jiha. Nina Olson ta riƙe shi daga 2001 zuwa 2019, Erin Collins ta karɓa a 2020. Wanda jinkiri ya jefa cikin ƙunci, kamar barazanar kora daga gida ko yanke wuta, yana cike fom 911, a haɗa shi da ma'aikaci guda da zai bi masa maganar kyauta. Akwai kuma cibiyoyin taimakon shari'a na masu ƙaramin ƙarfi, da yawansu a jami'o'i, waɗanda ke tsaya wa mutum a gaban hukumar ko kotu, suna kuma taimaka wa baƙin da Turanci bai zauna musu ba. Ana ɗaukar wanda kuɗin shigarsa bai wuce ninki biyu da rabi na ma'aunin talauci na tarayya ba.