3.4 Kula da Lafiyar Tsofaffin Karnuka

A wannan sashe za a dubi yadda ake kula da lafiyar kare idan ya manyanta. Abin lura da farko shi ne, karnuka ba sa tsufa lokaci ɗaya. Masu girman jiki sukan fara nuna alamun tsufa tun suna da shekara 6 ko 7, ƙanana kuwa sai sun kusa shekara 10.

Babbar matsalar ita ce, masu karnuka sukan ɗauki ciwo a matsayin tsufa kawai. Misali, karen da ya yawaita shan ruwa da fitsari, kuma yana ramewa, mai yiwuwa ƙodarsa ce ta fara lalacewa. Wannan ciwo ba ya bayyana a fili sai bayan kusan kashi biyu cikin uku na aikin ƙoda ya tafi. Saboda haka ne likitocin dabbobi suke so a riƙa duba tsohon kare duk wata 6, a kuma gwada jininsa da fitsarinsa.

Ɗingishi da wahalar tashi kuwa sukan nuna amosanin gaɓɓai. A nan ne wasu kan yi kuskuren ba kare maganin mutane, wato irin su ibuprofen, alhali yana iya jawo masa gyambon ciki, ya kuma ƙarasa ƙodar da ta riga ta raunana.