Yadda Manhajar Tattalin Wuta Ke Katse Wayales a Kwamfutar Tafi-da-gidanka

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan aikin da ɗalibi ko malami ke yi da kwamfutar tafi-da-gidanka a yau ya rataya ne ga intanet da ake samu ba tare da jona waya ba, wato wayales. Sau da yawa wannan sadarwa kan katse ana tsakiyar aiki, mai kwamfuta ya zargi kamfanin sadarwa, ko ya kashe kuɗi wajen sauya kayan da lafiyarsu ƙalau. Alhali kuwa a lokuta da dama kwamfutar ce da kanta take rage wa sashen wayales wuta domin batir ya daɗe. A wannan darasi za a bayyana tushen matsalar da alamominta da matakan magance ta.

2.0 Tushen Matsalar

A cikin kwamfutar akwai wani ɗan kati mai aikawa da karɓar saƙo ta iska tsakaninta da na'urar raba intanet, wadda ake kira rauta. Wannan kati yana cin wuta ko da ba ya aika komai, domin sauraro ma aiki ne. Saboda haka ƙa'idar wayales ta IEEE 802.11, wadda aka fitar a shekarar 1997, ta tanadar masa hanyar gyangyaɗi. Katin kan sanar da rauta cewa zai yi barci, ita kuma ta adana masa saƙonninsa. Rauta tana yin shela kusan sau 10 a kowace daƙiƙa. Lokaci-lokaci katin kan farka ya saurari shelar. Idan yana da saƙo ya karɓa, idan babu ya koma barci.

Ban da wannan, a shekarar 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba sun fitar da tsarin ACPI, wanda ya bai wa babbar manhajar kwamfuta, irin su Windows da Linux, ikon kashe duk wani sashe da ba ya aiki. Haka kuma wasu masu ƙera kwamfuta kan ƙara tasu manhajar ta kula da batir. Ke nan masu bai wa kati ɗaya umarni sun zama uku: direbansa, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa shi, da babbar manhaja, da manhajar maƙera. Idan umarninsu ya ci karo, ko direba ya tsufa, ko rauta ba ta iya adana saƙo yadda ya kamata ba, sai kati ya yi barci ya kasa farkawa. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Wannan matsala ta fi bayyana a inda ake yawan ɗauke wutar lantarki, domin a nan ne kwamfuta ke shafe sa'o'i a kan batir, lokacin da tattalin wuta ya fi tsananta.

3.0 Alamomin Matsalar

(i) Wayales na aiki lafiya idan an jona caja, amma da an cire ta sai ya yi nauyi ko ya katse.
(ii) Bayan an rufe murfin kwamfuta an sake buɗewa, sai a nemi wayales a rasa har sai an kashe ta an kunna.
(iii) Sadarwa na katsewa idan an ɗan bar kwamfuta ba a taɓa ta ba.
(iv) Wayoyin hannu da sauran kwamfutocin da ke kan rauta ɗaya suna aiki ba tangarɗa.

4.0 Matakan Magancewa

Mataki na farko shi ne gwaji. A zauna wuri ɗaya, a yi aiki na minti 10 da caja, sannan na minti 10 babu ita. Idan an ga bambanci, to zargi ya faɗa kan tattalin wuta.

Na biyu, a Windows a buɗe Device Manager, a nemo katin wayales a rukunin Network adapters, a shiga shafinsa na Power Management, a cire alamar da ke bai wa kwamfuta izinin kashe katin.

Na uku, a shiga Power Options, a nemo Wireless Adapter Settings. A can akwai matakai 4 na tattali. A zaɓi Maximum Performance a ɓangaren batir. Wasu sababbin kwamfutoci ba sa nuna waɗannan shafuka, don haka sai a wuce zuwa mataki na gaba.

Na huɗu, a duba manhajar batir ta maƙera, a dakatar da ita na ɗan lokaci, domin takan mayar da saitin da aka sauya. A kuma sabunta direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Mai amfani da Linux kuwa yana iya rubuta umarnin iw dev wlan0 set power_save off, ya sa sunan katinsa a gurbin wlan0. Wannan sauyi yakan gushe idan an sake kunna kwamfuta, sai fa an tabbatar da shi a saitin NetworkManager.

Wajibi ne a riƙa sauya abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na gaba, domin a san takamaiman inda cutar take.

5.0 Kammalawa

An ga cewa katsewar wayales ba kullum take nufin lalacewar kaya ba. Sai dai hana kati barci yana sa batir saurin ƙarewa, don haka mai dogon rubutu da ba ya bukatar intanet gara ya kashe wayales ɗin gaba ɗaya. Idan kuwa an bi matakan nan duka matsalar ba ta kau ba, har da caja a jone, a nan ne ya dace a kai wa mai gyara.

Auna Fahimta

1. Bayyana yadda katin wayales ke karɓar saƙo alhali yana tattalin wuta.
2. Kawo alamomi 3 da ke nuna tattalin wuta ne ya katse sadarwa.
3. Me ya sa ba a son sauya saiti da yawa a lokaci guda?