Ranar da ke Cajin Wayarka Tana Gyara Ruwan Sha

A ƙarshen 2020 dubban mutanen da yaƙin Tigray ya koro daga Habasha suka sauka a sansanin Umm Rakuba, a jihar Gadarif ta Sudan. A 2021 shawara ta ɓarke a can, irin ciwon hantan da ake ɗauka daga ruwan da bayan gida ya gurɓata. Masu juna biyu ta fi yi wa illa.

Rana kuwa tana kashe ƙwayoyin cuta da yawa a cikin ruwa. Masu bincike sun gwada shimfiɗa ruwa a bisa faifan sola: haske yana tsabtace ruwan, ruwan yana sanyaya faifan, domin zafi yana rage masa wuta.

Ba sai ka jira wannan na'ura ba. Tace ruwanka in ya yi duhu, ka zuba a gorar roba garau wadda ba ta wuce lita 2 ba. Kwantar da ita a kan kwanon rufi awa 6 cikin rana, kwana 2 in akwai gajimare. Kada ka ɗora ta bisa faifanka, inuwarta za ta rage wutar. In shawara ta shigo gari, ruwan mai ciki a tafasa shi.