Fis Da Rile: Ƙananan Masu Gadin Tarakta

Da zarar ruwan shuka ya sauka, duk ranar da tarakta ta wuni a tsaye hasara ce ga mai ita, da kuma manoman da suka biya kuɗin huɗa suna jiran a zo kansu. Sau da yawa kuwa abin da ya tsayar da ita bai fi ɗan yatsa girma ba, watau fis ko rile.

Galibin ƙananan taraktoci suna aiki ne da batir mai ƙarfin bolt 12. Daga nan lantarki ke bin wayoyi zuwa fitilu da oda da sauransu, kuma kusan kowace hanya da fis ɗinta. Shi fis siririn ƙarfe ne a cikin gidan roba, wanda aka ƙera don ya narke idan lantarkin da ke ratsa shi ya wuce kima. Narkewar tasa ce ke yanke hanya tun kafin waya ta yi zafi ta kama wuta. Ana rubuta ƙarfinsa a kansa, launinsa ma yana nunawa: ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore kuwa 30.

Aikin rile dabam ne. Makullin tayar da inji da maɓallan fitilu ba su jure lantarki mai yawa, saboda haka sai su aika wa rile da ɗan kaɗan. A cikinsa akwai naɗin waya da ke zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan ƙarfe ya haɗa babbar hanya. A mafi yawansu ƙafafu masu lamba 85 da 86 su ke karɓar umurnin, 30 da 87 su ɗauki nauyin. Idan aka murɗa makulli, lafiyayyen rile yakan yi ƙara ƙyas. In ba a ji ba, a fara tabbatar da cewa giya tana firi, domin akwai taraktocin da aka yi su kada su tashi sai da haka. Bayan nan a musanya shi da wani rile irinsa sak, a ga ko za ta tashi.

Babban haɗari yana ga direban da fis ya ƙone masa a gona, ya naɗa waya ko takardar gwangwani ta kwalin taba a gurbinsa, ko ya sa mai amfiya 30 inda aka ce 10. Wanda ya yi haka ya sallami mai gadi ne alhali ɓarawo na cikin gida. Fis ba ya ƙonewa banza: ko ɓera ya ci waya lokacin rani, ko jijjiga ta goge robarta ta taɓa ƙarfe, ko ruwa ya shiga mahaɗa. In aka hana fis narkewa, wayar ce za ta narke, ga kuma man gas da busasshiyar ciyawa kusa.

Abin da ya kamata shi ne a kashe inji, a cire kan batir mai alamar ragi, sa'an nan a sa sabon fis mai lamba ɗaya da tsohon. In ya sake ƙonewa nan take, to, a bar tarakta a kira mai riwaya ya bi wayar. Direban da ya ajiye 'yan fis da rile guda a akwatin kayan aikinsa tun kafin damina ta faɗi, shi ne zai gama huɗa a kan kari.