Kada, Guza da Kububuwa: Masu Jan Ciki na Gaɓar Kainji

Masunta da ke fita da asuba tsakanin Yelwa da Wara sun san halin guza a lokacin hunturu: yana shimfiɗe a kan dutse ko kututture, ba ya zabura sai jirgi ya zo dab da shi. Dalilin yana cikin jikinsa. Akuya da kaza suna ƙona abincin da suka ci don su ɗumama kansu, shi kuwa guza daga rana yake karɓar ɗuminsa, kuma sai ya ɗumama sannan yake iya gudu, farauta, ko narkar da abin da ya haɗiya. Haka kada yake, haka kunkuru da maciji da ƙadangare. Wannan hali shi ne ke juya kusan dukkan rayuwar dabbobi masu jan ciki.

Akwai riba a ciki. Abincin da ke isarsu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da dabba mai shayarwa mai girmansu take buƙata ba. Damo, da ake wa kirari da sarkin haƙuri, yana cin ƙwari da dodon koɗi da damina, rani na kamawa sai ya shige rami ya yi watanni kusan bai ci komai ba, yana rayuwa da kitsen da ya tara. Fatarsu mai ɓamɓaroki tana riƙe ruwan jiki, fitsarin yawancinsu ma ba ruwa ba ne, shi ne farin nan da ake gani a ƙarshen kashin ƙadangare. Ƙwansu yana da ɓawo, a tudu ake ajiye shi. A nan suka rabu da kwaɗo, wanda dole ya koma ruwa ya yi ƙwai, don haka ba ya cikinsu.

Masana sun kasa su gida huɗu, uku daga ciki suna nan ƙasar Yauri. Kunkuru da ƙififiya, wadda kan faɗa komar Sarkawa, gidansu ɗaya. Macizai da ƙadangaru, har da tsaka da hawainiya da damo, su ne gida mafi yawa nesa ba kusa ba. Kada na da nasa. Na huɗun wata halitta ce mai suna tuwatara da ke tsibiran Niyu Zilan kaɗai.

Kada ya fi ba da mamaki. A siffa ya yi kama da guza, amma ta fuskar dangantaka ya fi kusa da tsuntsu. Zuciyarsa ɗaki huɗu gare ta, ta sauran kuwa uku. Macen kan tona rami a yashi da rani ta binne ƙwai, ta yi gadinsa kimanin wata uku, kuma guza ne babban ɓarawon da take tsaro. Ɗumin yashin ne ke yanke ko ɗan zai fito namiji ko mace: wajen digiri 32 maza ake samu, ƙasa da haka mata. Idan sun ƙyanƙyashe, a bakinta take ɗauke su zuwa ruwa. Dabbar da ta dogara da yashi haka, sauyin gaɓa ba ƙaramin abu ba ne gare ta. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tsibirai da gaɓar Kogin Kwara masu yawa suka nutse, aka tashi mutane kimanin 44,000, ruwan tafkin kuma yana hawa da sauka da mitoci da dama kowace shekara. An rubuta labarin mutanen da aka tasa. Na kadojin, a ganina, bai sami wannan kulawa ba. Ana samunsu a Kogin Oli, cikin gandun dajin Kainji da aka kafa a 1979.

Ga manomin Shanga ko Ngaski, wanda ya fi damunsa ƙarami ne. Kububuwa da ƙyar take wuce rabin mita, launinta na ƙasa ne, kuma tunda zafin tsakar rana yana iya kashe ta, tana ɓuya ƙarƙashin dutse, kunya ko dami, ta fito da almuru. Shi ya sa sara yake yawa lokacin shuka da girbi, a ƙafa da hannu. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum na iya jin sauƙi a ranar farko, washegari dasashi ya fara zubar jini. Tsaga wurin ko ɗaure shi tamau yana ƙara ɓarna ne. Maganin shi ne allurar karya dafi a asibiti, irin wadda asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, amma daga tungar masunta a bakin tafki zuwa inda allurar take, tafiya ce ta jirgi da babur da mota, ga kuɗin maganin a kai.