Kafin Mu Sake Aika Kuɗin Asusu Santambul

Zuwa ga ƴan uwa mata na ƙungiyoyin asusu, na nan Ɗan Barto da ƙauyukan kewaye, har Matameye da Kance. 

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, abin da muka sani shi ne akwati mai kwaɗo uku, zubin mako-mako, da ɗan rancen da mace za ta ɗauka ta sayi gujiya ta yi ƙuli-ƙuli, ko ta ɗaure rago don layya. Wadda ta yi nisa a cikinmu ita ce mai ƙetara iyaka ta je Kano sarin atamfa a Kantin Kwari. Amma yanzu duk gidan bikin da kika shiga, sai ki ji ana cewa labulen nan ɗan Turkiyya ne, abayar nan ƴar Turkiyya ce. Shi ya sa bara ƙungiyoyinmu uku suka haɗa kuɗi, muka zaɓi ɗaya daga cikinmu ta bi wata Hajiya ƴar Damagaram da ta saba tafiyar. Sun yi doguwar tafiyar nan ta mota, wajen kilomita 900 zuwa Yamai, suka hau jirgin Turkish Airlines zuwa Istanbul, garin da kakanninmu ke kira Santambul. Sunan ba baƙo ba ne a ƙasar nan, don ko a Agadas ana ba da labarin cewa asalin gidan sarautarsu daga can ya fito.

Ta dawo lafiya, kaya ma sun iso. Mun zaunar da ita a tabarma yamma biyu muna yi mata tambayoyi, saboda kuɗin da ta ɗauka guminmu ne, kuma wadda za a aika gaba ba lalle ta samu Hajiya a gefenta ba.

Abin da ta fara ba mu labari, wanda har yau in ta tuna sai ta riƙe baki, shi ne tsaki. Ranarta ta biyu a unguwar Laleli, inda shagunan sarin tufafi suke jere, ta ga wasu rigunan yara masu kyau, farashin ma ya yi mata. Ta nuna wa mai shagon wani launi tana tambaya ko akwai. Mutumin ya ɗaga haɓa sama, ya ɗage gira, ya yi mata tsaki. Ta ce nan take jikinta ya yi sanyi. Ita da ta aurar da ƴaƴa biyu, yaro ya yi mata tsaki a bainar jama'a? Ta ja mayafinta ta fita, mutumin yana biye yana kira, ba ta waiwaya ba. Sai da dare Hajiya ta yi ta dariya, ta ce a wurinsu wannan ɗan tsakin da ɗaga kai ma'anarsa "babu" ko "a'a", ba raini a ciki ko kaɗan. Washegari ta koma neman shagon, lungunan suka rikice mata, ta ƙare ta sayi irin rigunan a wani wuri da tsada. Asarar nan a littafinmu ta fito, shi ya sa muka sa ta a gaba. Haka kuma in Baturke ya ce miki "hayir", kada kunnenki ya ji alheri. A'a yake nufi. In ya ce "yok", babu ke nan.

Na biyu shayi. Suna kiran sa "cai", baƙi ne, ba madara, a ɗan ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu, da sukari a gefe. Duk shagon da kika zauna da niyyar ciniki za a aika a kawo miki. Ƴar aikenmu ta ƙi sha sau biyu, tana tsoron kada a ce ta sha shayi dole ta saya, ko a lissafa mata kuɗinsa. Ba haka ba ne. Kyauta ce, kamar yadda mu ma ba ma barin baƙo ya fara magana sai ya sha ruwa. Ƙin karɓa ne ke sa fuskar mai shago ta canza. Amma fa in kika shanye za a ƙaro, in kika sake shanyewa a sake ƙarowa. In ya ishe ki, sai ki ɗora ɗan cokalin a kwance bisa bakin kofin, za su gane. A kan shayin nan ake tayi. Ana neman ragi, ba laifi, amma ba irin tayin da muke yi a kasuwar mako ba, inda za a ce jika goma ki ce jika biyu a yi ta ja. A wurin sari ragin kaɗan ne, kuma yawan abin da kika ɗauka ne ke kawo shi. Yawanci ba sa sayar da riga ɗaya-ɗaya, sai jeri guda, tun daga ƙaramin lamba har babba. Wadda ta yi sammako tana iya dacewa, don suna girmama cinikin farko na yini, suna ce masa "siftah", wani har shafa kuɗin yake a haɓarsa don neman albarka.

Wajen gaisuwa ba su kai mu tsawo ba. Ba ruwansu da ina gajiya, ina gida, ina yara, ina ɗan kwana biyu. Amma "salamu alaikum" tana aiki, musamman wurin dattawa. In kika shiga za a ce "hosh geldiniz", sannu da zuwa ke nan, ki amsa "hosh bulduk". Wadda ta fi burge mu ita ce "kolai gelsin", don daidai take da sannu da aiki tamu, ana faɗa wa mai shara, mai ɗinki, ɗan dako, kowa. Kuma su ma ba sa kiran babba da gatsal. Mace da ta ɗan girme ki "abla" ce, wato yaya. Namiji "abi". Tsohuwa "teize", kamar mu ce inna. Ƴar aikenmu ta ce ranar da wani yaron shago ya kira ta "abla" ta ji kamar tana gida. Maganar musabaha da maza kuwa, in ba ki so, ki ɗora hannun dama a ƙirji ki ɗan sunkuyar da kai. Sun san wannan, ba mai jin haushi.

Sun samu shiga gida ɗaya, gidan wata tsohuwa, uwar mai shagon da Hajiya ta daɗe tana saye wurinsa. Takalmi a bakin ƙofa ake cire shi, wannan mun iya, sai dai su za su miƙo miki silifa ta cikin gida, ki sa, kada ki ce ƙafarki ta isa. Ba a zuwa hannu rabbana, ana riƙe ɗan kayan zaƙi. Su sun kai kilishi da turaren wuta, tsohuwar ta yi ta juya kaskon tana murna. Inda mu muke durƙusawa, su yaro yakan sumbaci bayan hannun babba ya kai shi goshinsa. Ba a tilasta wa baƙo, amma ta ce da ta yi, tsohuwar rungume ta ta yi. Za a tsiyaya miki wani turare mai ƙamshin lemun tsami a tafin hannu, "kolonya", ki murtsuke. Da cokali ake cin abinci, kowa da farantinsa, kuma za a yi ta ƙara miki, don haka kada ki cika ciki tun a miyar farko. Burodi abin girmamawa ne a wurinsu, ba a jefar da shi a ƙasa, ba a taka shi. In kika yaba jariri ki haɗa da "masha Allah", don su ma suna tsoron kambun baka, har wani shuɗin dutse mai kamar ido suke ratayawa.

A nan za mu ɗan yi wa kanmu faɗa. Da yawa cikinmu abin da muka sani na Turkiyya shi ne finafinan Ertugrul da aka juya da Hausa, sai mu ɗauka kowace mace can cikin lulluɓi take. Akasarinsu Musulmi ne, ana kiran salla sau biyar, amma za ki ga mai hijabi da mai kai a buɗe suna tafe hannu cikin hannu, wataƙila ma uwa da ƴa ne. Ana sayar da giya a wasu wuraren cin abinci, kuma ko da azumi wasu na ci a fili. Ba wa'azi aka aike ki ba. Ki kama bakinki da idonki. A masallaci akwai wurin mata a baya ko a sama, ki sa takalminki a leda ki riƙe. Su mabiya mazhabar Hanafiyya ne, mu Malikiyya, don haka in kika ga ɗan bambanci a salla kada ki yi saurin cewa ba su iya ba. In lokaci ya samu, a ziyarci masallacin Ayyub Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, da Aya Sofiya da aka mayar masallaci a 2020.

Akwai abin da ba na ladabi kaɗai ba ne, na doka ne. Mutumin da hotonsa ke kan kowace takardar kuɗinsu ta lira shi ne Mustafa Kemal Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyarsu a 1923. Tun 1951 suna da dokar da ke hukunta mai zagin sa, kuma zagin shugaban ƙasa ma laifi ne. Kowace ranar 10 ga Nuwamba da ƙarfe 9:05 na safe jiniya na kaɗawa, motoci su tsaya, mutane su miƙe tsaye shiru don tunawa da rasuwarsa. In ya same ki a hanya, ki tsaya ke ma. Hirar siyasa dai a bar ta gida. A cikin jirgin ƙasa da bas kuma ba a ɗaga murya, ita kuwa ƴar aikenmu ta kira mu ta bidiyo daga cikin jirgin ƙasa muna ta shewa, ta ce kallon da aka yi mata ya ishe ta har ta sauka. Laifinmu ne wannan, mun karɓa. A tuna agogonsu yana gaban namu da awa biyu, sanyinsu daga Disamba zuwa Fabrairu ya wuce hunturunmu nesa, har ƙanƙara kan sauka.

Sai maganar kuɗi. ƴan sari da dala suka fi yin lissafi, saboda lira na yawan faɗuwa, kuma wasu ƴan canji ba sa karɓar tsofaffin takardun dala. Za ki haɗu da ƴan Afirka masu jin Hausa ko Faransanci da za su ce za su yi miki tafinta su zaga da ke. Akwai na kirki cikinsu, amma ki sani da yawa suna da la'adarsu wurin mai shago, kuma a kan farashinki ake ɗora ta. Ki yi magana da shi tun farko nawa za ki ba shi. Kaya ba a hannu ake ɗauko su ba, ofisoshin "kargo" ke aunawa da kilo su aiko. Wanda ƴar aikenmu ta yi amfani da shi ya ce mako biyu, sai da muka yi wata biyu muna jira, har wasu cikinmu suka fara ƙus-ƙus cewa an ci kuɗi. Takardar shaida da hotunan ƙullin da ta ɗauka a waya ne suka wanke ta a gaban taro. Biza kuma a ofishin jakadancinsu na Yamai ake nema, kuma wadda ta wuce kwanakin da aka ba ta za ta biya tara, ana ma iya hana ta komawa.

A zamanmu na ƙarshe mun yanke cewa wadda za a aika badi za ta tafi da littafi, kowane shago ta karɓi katinsa ta rubuta farashi a baya, kuma kuɗin kargo da na duwan za a ware su daban tun kafin a rufe akwati. Ƙungiyar da ke son shiga haɗin ta turo ma'ajiyarta ranar zubi. Ƴar aikenmu ta zo mana da ƙananan kofunan shayin nan guda shida, biyu sun fashe a hanyar Yamai, huɗun suna nan, da su za a sha.